Wace ƙirar jirgin ruwa mai tafiya da iska ta dace da yawon kwana a bakin ruwa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Ana so a ƙera ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a nan Zariya, wanda mutum biyu za su shiga da guzurin kwana uku zuwa huɗu. Da rana a yi tafiya, da la'asar a raɓa gaɓa a kwana, ko cikin jirgin ko a tanti. Za a fara da dam ɗin Tiga ko na Challawa, in hannu ya faɗa a ja shi zuwa Legas a bi gaɓar teku. Ba inji. Zane ya yi yawa a intanet: Wayfarer, Drascombe Lugger, Navigator, SCAMP, Goat Island Skiff. Wanne za a ɗauka?

Injiniyan Samaru:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye sunayen tukuna, auna kayanka. Manya biyu kilo 150. Ruwan sha da girki da alwala a zafinmu, kada ka yi lissafin ƙasa da lita 5 ga kowa a wuni. Kwana huɗu lita 40 ke nan, kilo 40. Anka da sarƙarta da igiya kamar kilo 10. Abinci, risho, tukunya, tanti, katifu, gidan sauro, kayan gyara, matuƙa, sa kilo 70. Ka kai 270, ka ce 300 saboda ba a taɓa tafiya da abin da aka rubuta kaɗai.

Yanzu duba yadda wannan nauyi ke danne jirgi. Jirgi mai tsawon mita 4.5 a kan ruwa da faɗin mita 1.2, shimfiɗarsa a fuskar ruwa ba za ta wuce murabba'in mita 3.5 ba, tunda gaba da baya sun tsuke. Kowane santimita ɗaya da ya nutse ya ture lita 35, wato ya ɗauki kilo 35. Kilo 300 zai shige da shi santimita 8 zuwa 9. Jirgi mai mita 3.5 kuwa shimfiɗarsa kusan rabin wannan ce, nauyin nan zai cinye masa santimita 15 ko fiye, bakinsa ya matso ruwa, gindinsa ya riƙa jan ruwa. Shi ya sa ga mutum biyu nake tsayawa tsakanin mita 4.5 da 5.5. Abin da ya haura haka, mutum biyu ba sa iya janye shi kan yashi.

Kafintan 'Yan Katako:
Injiniya ya yi gaskiya, amma ni ta wajen katako zan duba. Rabin sunayen nan ba a Zariya za a yi su ba. Drascombe Lugger da Wayfarer da ake gani a hotuna yawancinsu na faiba ne, daga masana'anta suke fitowa a Ingila. Kafin ka shigo da ɗaya ta tashar Apapa ka biya kwastan, ka sayi mota. Abin da kafinta zai iya a rumfarsa shi ne jirgin filawud.

Injiniyan Samaru:
Haka ne. Amma a ba su haƙƙinsu. Wayfarer, Ian Proctor ya zana shi a 1957, tsawonsa mita 4.8, kuma da shi Frank Dye ya ƙetare daga Sukotlan zuwa Aislan a 1963. Lugger na John Watkinson ne, mita 5.7, yana da farantin ƙarfe a ƙasa da ƙyallen kamun iska ƙanana guda uku, ba sanda a ƙasan babban ƙyallen da za ta buge kan mutum. Duka biyun sun tabbata a ruwa. Matsalarsu a wurinmu nauyi: gangar Wayfarer kaɗai ta kusa kilo 170, Lugger ya ninka haka. Kuma sitiyarin Lugger ta wani rami yake sauka a cikin jirgin, ba ya naɗewa sama in ya daki ƙasa, sai dai ƙarfen ya lanƙwashe ya maƙale. A dam mai kututture wannan ba ƙaramin aibi ba ne.

Basarke:
Sannunku da ƙoƙari. Ku bar ni in gyara tambayar tun daga tushe, ɗana. Ka ce "a bi gaɓar teku". Gaɓar Najeriya ta kai kilomita 850, amma ta wajen Legas ba irin gaɓar da aka zana jiragen nan dominta ba ce. Masu su suna da lungu-lungu da tsibirai da ƙananan tashoshi, kowane kilomita kaɗan akwai inda za a fake. Daga Badagry zuwa Lekki kuwa yashi ne miƙe, igiyar ruwa tana zuwa daga kudu maso yamma tana fashewa a kansa dare da rana. Masuntan da ke fita nan da manyan kwale-kwale na itace suke fita, mutum da yawa, su ma sukan kife. Jirgin filawud mai jigo tsaye, wato sandar da ke riƙe ƙyalle, igiya ɗaya ta juya shi gefe, ta biyu ta karya jigon.

Ruwan da ya dace da abin da kake so yana bayan yashin nan: rafin Badagry, tafkin Legas, a wuce Epe zuwa tafkin Lekki. Ruwa ne marar zurfi, mai laka, mai turakun masunta da raga da kainuwa. To ka ga jirgin da zai yi a Tiga shi ne zai yi a can: wanda ba ya cin ruwa da yawa a ƙasa, yana zama daram in ya taɓa laka, jigonsa na kwanciya in an zo gada. Fita ta bakin mashigar Legas, inda manyan jirage ke wucewa tsakanin katangun duwatsun nan biyu, ka cire shi daga lissafi. In ruwa na janyewa ya ci karo da igiyar teku a bakin, tsaye ruwan yake tashi.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba. Ke nan mai shimfiɗaɗɗen gindi za a nema?

Kafintan 'Yan Katako:
In ta ni ce, e. Goat Island Skiff na Michael Storer, mutumin Ostireliya. Tsawo mita 4.7, filawud mai kaurin milimita 6 guda shida, gangarsa in an samu filawud marar nauyi tana wajen kilo 60. Fale uku ne babba: gindi da gefe biyu, sai allon baya da ginshiƙan ciki. Duk wanda ya iya haɗa wadrob mai kyau zai iya. Mutum biyu su ɗaga shi, huɗu su ɗora shi kan a-kori-kura.

Injiniyan Samaru:
A nan zan saɓa maka, Malam. An zana jirgin nan ne don gudu. Ƙyallensa ya kusa murabba'in mita 10 a kan gangar kilo 60, wannan doki ne mai zafi, ba na ɗan koyo ba. Allon ƙasansa kuma, mai hana iska tura jirgi gefe, irin wanda ake zurawa tsaye ne kamar wuƙa a kube. In ya daki kututture da gudu ba ya ja da baya, gidansa ne ke tsagewa, kuma tsagar a ƙasan ruwa take. Na uku, ɗakunan iskarsa masu hana shi nutsewa a gaba da baya suke, in ya kife aka tayar da shi ruwa mai yawa ke zama a tsakiya, sai an yi ta kwarfa. Na fi karkata ga Navigator na John Welsford, mutumin Niyuzilan. Mita 4.5, ya fi faɗi, yana da rufi a gaba da gefe-gefe, kujerunsa ɗakunan iska ne, allon ƙasansa a kan ƙusa yake juyawa, in ya taɓa abu ya naɗe da kansa. Kuma tsakiyar gindinsa a shimfiɗe take, yana zama a kan yashi.

Kafintan 'Yan Katako:
Navigator kyakkyawa ne, ban musa ba. Amma falankinsa hawa-hawa ne a kan firam da dogayen sanduna, kowane falanki sai an auna shi a jikin jirgin an fere bakinsa. Aikin ya ninka na Skiff sau biyu ko uku, gam ma haka. Wanda bai taɓa haɗa jirgi ba, yawanci a rabin irin wannan aikin ake barin shi, kaji su samu wurin kwana. Maganar allon kuwa mai sauƙi ce: a ruwan da ba a sani ba a ɗaga shi rabi, a rage gudu.

Injiniyan Samaru:
Kututturen da ke ƙarƙashin ruwa ba ya sallama kafin ya zo.

Basarke:
Injiniya ya fi ka gaskiya a wannan, Malam kafinta. Duk dam ɗin da aka tare a kan daji, bishiyoyin suna nan tsaye a ƙasa. Kainji tun 1968 aka rufe shi, har yau kututture na fasa jiragen fito a can. Tiga 1974, Challawa 1992. Kuma ruwan dam ba tsaye yake ba: inda ka wuce lafiya a Oktoba, a Afrilu ruwa ya sauka mitoci, kan itacen na taku ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Allon ƙasa da allon sitiyari duka su zama masu naɗewa. A riƙe su da igiyar roba ko ɗan siririn zare da zai tsinke, kada a ɗaure su tamau.

Akwai hanya ta uku da ba ku ambata ba: allon a rataye shi a gefen jirgi ta waje, a kan ƙusa ɗaya. Jim Michalak na Amurka yawancin zanensa haka yake. Ba rami a gindin jirgi, ba abin da zai yi yoyo, kuma tsakar jirgin ta zama fili.

Malamar Kongo:
Maganar fili ta kawo mu inda nake jira. Kuna ta gudu da katako, ba wanda ya auna wurin kwanciya. Baligi na bukatar tsawon mita 1.9 da faɗin santimita 55 zuwa 60. Mutum biyu, mita 1.2 a shimfiɗe, ba gidan allo a tsakani, ba ginshiƙi a ƙarƙashin haƙarƙari. Kafin a sayi zane a nemi hoton cikin jirgin daga sama, a zana shi da alli a kan siminti da ainihin awonsa, mutum biyun su kwanta a ciki. Minti goma ya isa a gane.

SCAMP da aka ambata, shi ma na Welsford ne, an kauce da gidan allonsa gefe an ɓoye shi a jikin kujera don a samu wurin kwana, yana da 'yar rumfa a gaba da tankin ruwa a ƙasa mai ƙara masa nauyi. Dabara ce mai kyau, amma tsawonsa mita 3.6 ne. Na mutum ɗaya ne in kwana za a yi.

Kuma makwancin ya ɗaga daga gindin jirgi ko da santimita 10. Kowane buɗaɗɗen jirgi yana tara ɗan ruwa, kuma can inda kafaɗa take yake taruwa. Mafi sauƙi a yanka falankin daɓe yadda da dare za a ɗaga su a jera tsakanin kujerun gefe biyu, su zama gado.

Ɗan Tudun Wada:
Malama, in za a kafa tanti a gaɓa fa, ai ba sai an damu da wannan ba?

Malamar Kongo:
Ba kullum gaɓa ke karɓar baƙo ba, ƙanena. A dam, bakin ruwa gonar wani ce ko mashayar shanu ko laka har gwiwa. A tafkin Legas wani wurin dausayi ne da itatuwan cikin ruwa, ba inda za a taka. Jirgin da ba a iya kwana a cikinsa yana tilasta maka ka ci gaba da tafiya bayan magariba kana neman masauki, wannan kuwa shi ne lokacin da bai kamata a same ka a ruwa ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin gida ma ta hana zirga-zirgar dare, ta kuma wajabta rigar ceto.

Sai tsargiya. Ƙwayar cutar daga dodon koɗi take fitowa a ruwa mai ɗumi marar gudu, musamman bakin gaɓa mai ciyawa, ta huda fata ta shiga. Jirgin da sai an sauka an yi ta tafiya cikin ruwa ana tura shi safe da yamma yana ƙara haɗarin. Jirgin da gindinsa ke shiga ruwa santimita 15 zuwa 20 in an ɗage allo, hancinsa ya hau busasshiyar ƙasa a tsallaka, ya fi. A sa takalmin roba dogo. Wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti, maganin praziquantel ne, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Telan Ƙofar Doka:
A zo kan ƙyalle, fannina. Ga yawon kwana, ƙyalle ɗaya mai kusurwa huɗu, da sanda a sama da sanda a ƙasa, ɗan ɓangarensa ya wuce gaban jigo, irin na Skiff da SCAMP. Jigon gajere ne, a rami yake tsayawa ba wayoyi, mutum ɗaya ya zare shi ya kwantar cikin jirgi in an zo gada ko wayar lantarki. In aka saki igiya ɗaya, nauyin sandar sama ya sauko da komai. Ƙyalle mai kusurwa uku irin na Wayfarer ya fi iya hawa iska, amma yana son dogon jigo na alminiyam, wayoyi uku, da ƙarafa da ba a samu a Sabon Gari.

Sirrin mai kusurwa huɗu igiyar da ke jan sandar ƙasa zuwa ƙasa ce. In ta yi sako-sako bakin ƙyallen na gaba ya saki, jirgin ya ƙi fuskantar iska, mutum ya ɗora wa zane laifi. A ja ta da ninki huɗu, da igiyar da ba ta miƙewa.

Na farko a ɗinka shi da farin tamfol na leda mai kauri. Ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu a ranarmu, amma a kansa za a koyi inda aka yi kuskure kafin a sayi yadin Dacron. Ɗinki zigzag, zaren foliyesta, ba na auduga ba. Kusurwoyi a ninka su huɗu zuwa biyar. Kada a yanka shi shimfiɗe kamar zanen gado: bakin sama da na ƙasa a ba su ɗan tudu na santimita kaɗan, in an ɗaure su a miƙaƙƙiyar sanda tudun ya koma ciki ya zama tumbi, tumbin ne ke ja. Layin rage ƙyalle biyu aƙalla, uku ya fi.

Injiniyan Samaru:
Bari in sa lamba a kan maganar rage ƙyalle, don a ga ba tsoro ba ne. Ƙarfin iska a kan ƙyalle yana tafiya da gudunta sau gudunta. Iska mai kilomita 18 a awa tana danna murabba'in mita 10 da kimanin kilo 15. In ta ninka uku ta kai 54, dannawar ta ninka tara, kusan kilo 135. Tsakiyar ƙyallen tana sama da tsakiyar allon ƙasa da kamar mita 2.5, wato ƙarfin kifarwa, kilo sau mita, ya tashi daga 38 zuwa wajen 340. Mutum biyu masu kilo 75 da suka zauna a baki, santimita 80 daga tsakiya, abin da suke mayarwa 120 ne. Lissafin bai haɗu ba ko kusa.

Kuma irin wannan iskar ce ke gaban hadarin gabas, daga Afrilu zuwa Oktoba. Wuni ake yi ana tafiya da 'yar iskar kudu maso yamma, sai gabas ta yi baƙi, iska ta ɗauke ɗif, sannan ta faɗo daga ɗaya ɓangaren da ƙura da sanyi. A nan ba rage ƙyalle ake yi ba, sauke shi ake gaba ɗaya, a jefa anka ko a shige gaɓa tun ana ganin baƙin daga nesa. Duk ƙirar da sauke ƙyallenta ke cin fiye da minti ɗaya, ko sai wani ya taka zuwa hancin jirgi, ba ta dace da daminarmu ba. Ga tsawa kuma, jigo shi ne abu mafi tsawo a tsakiyar dam.

Lokacin koyo Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take, takan tashi da hantsi ta lafa da yamma, ba ta zuwa da mamaki. Aibinta hazo, gaɓa kan ɓace, a riƙe kamfas. Ruwan kuma da sanyi da safe.

Ɗan Tudun Wada:
Nisan da za a iya yi a wuni fa?

Injiniyan Samaru:
Jirgi mai mita 4.5 a ruwa, da kaya, iyakarsa wajen kilomita 9 a awa. A aikace yi lissafi da 5. In inda za ka yana ta inda iska ke fitowa, sai an yi ta karkata dama da hagu, hanyar ta ƙaru da kusan rabi. Kilomita 20 zuwa 25 a wuni tsari ne mai kyau. In iska ta mutu matuƙa ne, kilomita 3 zuwa 4 a awa, shi ya sa faɗin da ya wuce mita 1.8 yake zama azaba.

Kafintan 'Yan Katako:
Ko wanne aka zaɓa, ga inda ake faɗawa rami. In ka je kasuwa ka ce filawud na ruwa, baƙin nan mai santsi za a miƙo maka, wanda ake kira marin bod. Na zuba kankaren dakin ne. Kaurinsa milimita 18 ko kusa, nauyi kamar dutse, ba ya lanƙwasa, kuma ledar da ke fuskarsa gam ba ya kama ta. Ainihin na jirgi yana da hatimin BS 1088, mafi sauƙin nauyi na itacen okume ne daga Gabon, sai dai a yi oda daga Legas. Hatimin ma kada ka yarda da shi haka nan. Yanki guntun filawud kamar tafin hannu, tafasa shi awa biyu, shanya shi a rana ya bushe ƙarau, sake tafasawa. In ya ɓare, kabad za a yi da shi. Duba bakin falen kuma: milimita 6 ya zama hawa biyar, ba uku masu kitse a tsakiya da fatar albasa a waje ba, kuma kada a ga rami.

Gam ifoksi ne, ba farin gam ba, ba kuma ruwan faiba na masu gyaran tanki da bodin mota ba. Wancan yana kama katako da farko, bayan damina ɗaya da rani ɗaya ya ɓare kamar ɓawon rogo. Araha ba ta ado. Jirgi irin Skiff zai ci lita 12 zuwa 15. A bi awon da ke jikin galan daidai, wani biyu da ɗaya ne, wani biyar da ɗaya. Ƙara mai busarwa ba ya sa ya yi sauri, lalata shi yake ya zauna kamar cingam.

Zafin Maris da Afrilu kan dafa ifoksi a cikin kofi cikin mintoci, har hayaƙi. A dama kaɗan-kaɗan, gram 100 zuwa 150, a juye a faranti mai faɗi. A shafa da yamma lokacin da katako ke hucewa. In aka shafa da safe yana ɗumama, iskar cikinsa ta fito ta bar ƙuraje, kowane ƙurji ƙofar ruwa ce. Na cike kusurwa a haɗa shi da garin katako da aka tankaɗe har ya yi kaurin ƙullin ƙosai. Haɗa fale biyu a tsawo, a fere bakinsu takwas bisa ɗaya, wato milimita 48 ga mai kauri 6. Gindi ta waje a lulluɓe da yadin faiba mai gram 200. Safar hannu dole. A ƙarshe farin fenti, don rana na cin ifoksi tsirara.

Sanduna da firam, a nemi katako marar nauyi mai miƙaƙƙen zare kamar afara. Maɗaci da iroko a inda ake gogayya kaɗai, bakin jirgi da dogayen takalman gindi. Iroko yana da maiƙo, a goge da asiton kafin gam.

Basarke:
Ƙari a kan na kafinta: ruwan tafkin Legas gauraye yake da gishiri, akwai tsutsar da ke huda katako ta ciki, waje lafiya ciki kamar saƙar zuma. Duk inda fenti ya ƙuje a shafe shi kafin a sake sakawa. Ƙusa da noti su zama sitenles mai lamba 316. Na baƙin ƙarfe wata ɗaya ya yi jan hawaye.

Anka biyu. Babba kilo 4 zuwa 5, sarƙa mai milimita 6 mita uku ko huɗu, igiyar nailan mai milimita 10 mita 40. A saki igiya ninki biyar na zurfin ruwa, in iska ta tashi bakwai. A dam a ɗaura siririyar igiya da gora mai yawo a kan ankar, don in ta maƙale a saiwa a jawo ta ta baya. A Legas ruwa na hawa da sauka sau biyu a wuni, bai kai mita ɗaya ba galibi, amma ya isa ka farka a kan laka ko ka tarar jirgin da ka bari a yashi ya tafi.

Kafin a kwana a ko'ina a gaida Sarkin Ruwa ko mai unguwar wurin. Su suka san inda raga take, inda dorina ke fitowa kiwo, da inda ba a zuwa. Shiroro da yammacin Kainji a bar su sai tsaro ya daidaita.

Injiniyan Samaru:
Saura gwajin da ke raba gardamata da kafinta. Lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya. Jirgi irin wannan ya samu lita 250 zuwa 300 a rufe, amma inda aka sa ta ya fi yawanta muhimmanci. In duk a gefe take can sama, jirgin da ya kife yana yawo a bisa ruwa kamar kwalba, allon ƙasa ya yi wa mai iyo nisa, iska ta tura shi ya fi ka gudu, ƙarshe ya juye jigo ƙasa ya cake a laka. In duk a gaba da baya take, yana tashi da sauƙi amma cike da ruwa, yana rawa. Abin dubawa ɗaya ne: bayan an tayar da shi, bakin gidan allo yana sama da ruwan ciki ko ƙasa? In ƙasa yake, duk bokitin da ka zubar ta nan zai dawo.

Ranar farko, a wuri mai zurfi da tsabta nesa da ciyawa, da rigar ceto, da kwale-kwale a kusa, a ɗaura jarka mai lita 5 a kan jigo, a kifar da shi da gangan da jarkokin ruwa a madadin kaya. Wanda ya fi rauni cikin mutum biyun shi zai tayar, ya hau, ya kwarfe. A sa igiya mai madauki a baya don taka ƙafa, hawa jirgi daga ruwa da jiƙaƙƙun kaya ya fi yadda ake zato wuya. Bokiti mai lita 10 a ɗaure da igiya.

Kafintan 'Yan Katako:
To ai an zo wurina. A ɗauki Skiff, a ɗaure jarkoki masu lita 25 guda biyu kowane gefe a ƙarƙashin kujerar tsakiya, ruwan da zai zauna ciki ya ragu da lita 100. A fara da ƙyalle a rage layi ɗaya. Kayan kilo 120 a ƙasa ma suna kwantar masa da hankali.

Injiniyan Samaru:
Jarkokin sun yi, in da ɗamara aka ɗaure su a jikin firam ba da igiyar shanya ba, don kowace tana fizgar kilo 25 zuwa sama. Allon fa? Kuma kada a ce za a canza masa gida a sa mai naɗewa da ka. Matsar da allo santimita 15 baya ko gaba yana canza yadda jirgi ke jan sitiyari. In ya koma baya da yawa jirgin ya riƙa kauce wa iska in ta buga maimakon ya fuskance ta, wannan kuwa shi ke kifarwa. Wanda ke son shimfiɗaɗɗen gindi da allo mai naɗewa ya sayi zanen da aka yi haka tun asali.

Malamar Kongo:
Kuma har yanzu ba wanda ya gwada kwanciya a cikin Skiff ɗin. Kujerar tsakiya da gidan allo sun raba shi.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya ƙara sani, na gode ƙwarai. Za a fara da alli a kan siminti da tafasa filawud. Malam kafinta, in aka samu mai hawa biyar amma ba okume ba, nauyin zai ƙaru da nawa?

Kafintan 'Yan Katako:
Okume mai milimita 6 fale ɗaya wajen kilo 9 ne, na jan katako 11 zuwa 13. A fale shida ka ƙara kilo 12 zuwa 24. Jirgin zai ɗauka, bayanka ne zai ji a wurin ɗorawa mota. Ka je da sikeli kasuwa, ka auna kowane fale, ka ware marasa nauyi na gefe da kujeru, masu nauyin a gindi.